RA'AYI: Ƙarƙashin teku bai san matakin albashi ba

Akwai wani yini a tafiye-tafiyen ma'aikatan gwamnatin tarayya zuwa ƙasashen waje da ba ya shiga rahoton da ake miƙa wa ofis bayan an dawo. Shi ne yinin ƙarshe, lokacin da aka rufe taro, aka raba takardun shaidar halarta, aka ɗauki hoton tarihi, jirgin komawa Abuja kuma sai washegari. Masu shirya manyan tarukan duniya sun san inda suke kai jama'a. Taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2022 a Sharm el-Sheikh ta ƙasar Masar aka yi shi, na 2023 a Dubai, ga kuma bitoci da tarukan ƙara wa juna sani da ba sa ƙarewa a Zanzibar da Mombasa. Duk bakin teku ne. A kusan kowane babban otel na waɗannan wurare akwai wani ɗan teburi kusa da inda ake karɓar baƙi, an jera hotunan kifaye masu launi iri-iri, ga wani matashi mai fara'a yana shaida wa duk wanda ya tsaya cewa ko bai taɓa nutso ba a rayuwarsa, yau ɗin nan za a iya saukar da shi ƙarƙashin teku ya ga abin da ke cikin hotunan da idonsa.

Matashin bai yi ƙarya ba. Nutso da tukunyar iska, wanda ake kira sukuba, abu ne da ɗan koyo zai iya gwadawa cikin rabin yini, kuma ɗimbin mutane na gwadawa su fito lafiya suna murmushi. Ma'aikacin da ya samu dama, da kuɗin aljihunsa, a lokacin da ba na aiki ba, bai kamata a yi masa dariya ko a ce ya ɗauko ɗabi'ar Turawa ba. Ya gwada. Matsalar tana wani wuri dabam. Halayen da muƙami ke koya wa mutum a aikin gwamnati su ne daidai halayen da ke jefa ɗan koyo cikin haɗari a ƙarƙashin ruwa: sa hannu a takarda ba tare da an karanta ba, ɓoye rashin lafiya, ƙyamar karɓar umarni daga na ƙasa, jin kunyar nuna tsoro, da cusa abu goma cikin jadawalin yini ɗaya. A sakatariyar tarayya waɗannan ba sa kashe kowa nan take. A zurfin mita 10 suna iya yi.

Kayan da ake goya wa mutum ba su da wani sirri. Tukunyar da ke bayansa iskar da kowa ke shaƙa ce aka matse a ciki, kashi 21 cikin 100 oksijin, kusan duk sauran kuma naitirojin. Masu ce mata tukunyar oksijin kuskure suke yi, domin zallar oksijin guba ce idan aka yi zurfi da ita. Daga tukunyar wani bututu ke zuwa baki, tare da na'urar da ke sassauta ƙarfin iskar ta daidaita shi da nauyin ruwan da ke kewaye da mutum. Wani hafsan sojan ruwan Faransa, Jacques-Yves Cousteau, da injiniya Émile Gagnan ne suka ƙera ta a 1943, kuma asalinta na'ura ce da Gagnan ya yi domin motoci su yi tafiya da gas a lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya haddasa ƙarancin fetur. Masu mayar da motocinsu na gas a Abuja a 'yan shekarun nan suna yawo da danginta ba su sani ba. Sauran kayan su ne gilashin da ke rufe ido da hanci, takalma masu faɗi irin ƙafar agwagwa, falmaran da ake hura wa iska a taso ko a sace iskar a nutse, da ɗamarar dalma mai ƙara nauyi.

Ƙungiyoyin horar da masu nutso, waɗanda babbar cikinsu ita ce PADI da aka kafa a Amurka a 1966, sun tsara yadda gwajin farko zai gudana. Ana fara wa da bayani a kan tudu, sannan a shiga ruwa mara zurfi inda mutum zai iya miƙewa tsaye, a koyi 'yan dabaru, kafin a sauka cikin teku tare da mai horarwa. Ba a wuce zurfin mita 12, kuma mai horarwa idan shi kaɗai ne bai kamata ya riƙe fiye da mutum huɗu ba. Gwajin ba ya ba da lasisi. Lasisin farko yana cin kwana uku zuwa huɗu, da nutso huɗu a cikin teku, kuma sai mutum ya nuna yana iya iyon mita 200 tare da tsayawa a saman ruwa na minti 10, sannan a yarje masa zurfin mita 18.

Abin da ake gani a ƙasa ya cancanci wahalar. Bahar Maliya, wadda da yawa suka sani daga ƙissar Annabi Musa, Alaihis Salam, ko kuma ta tagar jirgin Jidda, na cikin tekunan da ruwansu ya fi zama garai-garai a duniya. A gandun ruwa na Ras Muhammad, wanda Masar ta killace a 1983, duwatsun murjani na tsaye kamar ganuwa, kifaye dubbai na ratsa su ba su damu da baƙo ba. Nauyin jiki yana ɓacewa, mai tumbi da siriri duk su zama ɗaya. Babu ƙarar waya, babu mai ƙwanƙwasa ƙofa da fayil, sai ƙarar numfashin mutum kansa da kumfar da ke tashi. Komai yana ƙara girma a ido da kusan kashi ɗaya cikin uku, jan launi kuma shi ke fara gushewa bayan 'yan mitoci, har idan mutum ya ƙuje yatsa sai ya ga jininsa ya yi kore-kore. Akwai ma amfanin da ya wuce nishaɗi. Nijeriya na da gaɓar teku mai tsawon kusan kilomita 850, kuma tun 2023 tana da ma'aikata sukutum ta harkokin teku da arzikin ruwa. Jami'in da ya taɓa ganin leda maƙale a jikin murjani, ko murjanin da ya yi fari fat ya mutu saboda ɗumamar ruwa, ba zai karanta fayil ɗin gurɓatar teku da irin idon da ya saba ba.

To amma kafin a kai ga kifayen akwai fom. Takarda ce mai manyan tambayoyi 10 a kan lafiya, wadda likitocin nutso suka sabunta a 2020, kuma duk cibiyar kirki sai ta miƙa ta. An san yadda fom ke wucewa a hannun manya: hadimi ya cike, maigida ya sa hannu yana amsa waya. A nan hadimin zai jera "a'a" daga sama har ƙasa don kada a ɓata wa maigida lokaci, kuma da wannan alƙalamin ya kawar da shinge mafi muhimmanci da aka kafa domin ran maigidan. Ɗaya daga cikin tambayoyin ita ce ko mutum ya haura shekara 45, in kuwa ya haura, ko yana shan taba, ko yana da hawan jini, ko kitse ya yi yawa a jininsa, ko wani na jikinsa ya taɓa mutuwar fuju'a da ciwon zuciya. Wata kuma tana tambaya ko yana iya tafiyar kilomita 1.6 a ƙafa cikin minti 14. Duk wanda ya san daraktocin da ke dab da cika shekara 60 ko shekara 35 ta aiki, waɗanda tafiyarsu mafi tsawo a yini ita ce daga mota zuwa lifta, ya san amsar gaskiya ga da yawansu.

Tambayoyin ba na cika sharaɗi ba ne. Binciken ƙungiyar DAN, mai bibiyar haɗurran nutso tun 1980, ya nuna cewa ciwon zuciya na sahun gaba a abubuwan da ke kashe masu nutson da suka manyanta. Dalilin a fili yake. Shiga ruwa kaɗai yana tura jini daga ƙafafuwa zuwa ƙirji ya ƙara wa zuciya aiki, ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska nesa ba kusa ba, kayan da aka goya sun kai kilo 20 ko fiye, ga igiyar ruwa da za a yi kokawa da ita, ga fargaba. Bugun zuciyar da a ofis zai ƙare da gaggawar zuwa asibiti, a ƙarƙashin ruwa nutsewa yake ƙarewa da ita. Haka asma da farfaɗiya da ciwon suga da tiyatar da ba ta daɗe ba, kowanne da nasa hukuncin, mai juna biyu kuwa ba ta nutso ko kaɗan. Akwai kuma wanda ya fi shafar 'yan Nijeriya, wanda matashin Masar ko na Zanzibar ba lalle ya tuna ya tambaya da baki ba, wato sikila. Ƙasar nan ce ta fi kowace yawan masu ita a duniya, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da ƙwayar gadonta. Likitocin nutso suna hana mai cikakkiyar sikila shiga, domin sanyi da gajiya da ƙarancin ruwa a jiki su ne masu tayar da ciwon. Mai rukunin jini na AS ya ji ta bakin likita tun kafin ya bar gida.

A aikin gwamnati an saba ɓoye ciwo, kuma ba a rasa dalili ba: wanda aka ji ba shi da lafiya, ana iya tsallake shi idan an zo rabon kujera mai maiƙo. Sai dai cibiyar nutso ba ta aika rahoto ofishin Shugaban Ma'aikata. Kuma amsa "e" a fom ba ta nufin an haramta wa mutum ruwa har abada, sau da yawa abin da take nufi shi ne a kawo sa hannun likita. Wanda ya san zai so gwadawa, ya sauke fom ɗin daga intanet ya kai wa likitansa mako guda kafin tafiya.

Doka ta farko da mai horarwa zai yi ta nanatawa ita ce kada a riƙe numfashi, musamman lokacin tasowa. A nan wanda ya tashi a bakin kogi yana iya fin wanda bai taɓa iyo ba shiga haɗari, abin da zai ba mutane da yawa mamaki. Nutson da aka gada, irin wanda Sarkawa da sauran masunta ke yi, wanda ake gasarsa a wasannin kabanci na bikin kamun kifi na Argungu, gwanintarsa duka riƙe numfashi ce: a cika huhu a sama, a nutse, a daɗe, a taso da iskar da aka shiga da ita. Wannan ba ya fasa huhu, domin iskar da aka ɗiba a sama tana matsewa idan an yi ƙasa, ta koma yadda take idan an taso. Mai tukunya kuwa a can ƙasa yake cika huhunsa, da iskar da ta riga ta matsu. A zurfin mita 10 nauyin da ke danne jiki ninki biyu ne na wanda ke kan tudu, saboda haka huhun da ya cika a can yana ɗauke da iskar da za ta kumbura ta ninka girmanta kafin a iso sama. Lita 6 za ta nemi wurin lita 12. Masanin kimiyya Robert Boyle ya bayyana wannan ƙa'ida tun 1662. Idan numfashi na shiga yana fita, rarar iskar ficewa take yi ba tare da mutum ya ma sani ba. Idan aka toshe maƙogwaro, ƙananan jakunkunan huhu ne ke yagewa, kumfar iska ta shiga jini ta nufi ƙwaƙwalwa, sai a ga abin da ya yi kama da shanyewar ɓarin jiki cikin 'yan mintuna da fitowa. Ba sai an yi zurfi mai yawa ba. Tasowar da ba ta kai mita 2 ba da cikakken huhu a riƙe tana iya yin wannan ɓarna, wato ko a wurin ninƙaya na otel.

Ba wanda ke riƙe numfashi da gangan bayan an gargaɗe shi. Firgici ke sa shi. Ruwa ya kutsa cikin gilashi ya taɓa hanci, ko ya sarƙe mutum, sai jiki ya ba da umarnin da ya saba tun yarinta: rufe baki, yi sama da gudu. Maganin wannan shi ne dabarun da ake koyarwa a ruwa mara zurfi, yadda za a fitar da ruwa daga gilashi ta hanyar hura iska ta hanci, yadda za a lalubo abin shaƙa a mayar baki idan ya suɓuce. Ana maimaita su ne har hannu ya riƙa yi da kansa, tun kafin tsoro ya samu damar yin magana. Masu gashin baki su suka fi buƙatar wannan darasi, domin gilashin ba ya kama fata sosai a kan gashi, ruwa zai yi ta tsiyaya musu tun daga farko har ƙarshe.

A wannan gaɓar ce muƙami ke shigowa. Babban Sakataren da ya shekara 20 ba wanda ya ce masa "sake yi" zai tsinci kansa durƙushe a cikin ruwa gaban yaron da bai wuce sa'ar ɗansa na uku ba, yaron na girgiza kai yana nuna masa ya maimaita. Abin da ɗaci. A gefe kuma ga hadimi tsaye da tawul yana duba agogo, yana cewa, "Ai Yallaɓai ya gane, a wuce kawai, lokaci na ƙurewa." Cikin duk kalaman da za a furta a wannan yini babu wanda ya kai wannan haɗari. Mai horarwar ɗan Adam ne, abincinsa ya dogara da farin cikin baƙi da ɗan abin da za su miƙa masa, kuma idan an matsa masa yana iya sassautawa. Mai horarwar da ya ƙi sassautawa, ya dage sai Yallaɓai ya sake, shi ya cancanci tukuici. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai, kuma a ƙasan teku ba a wakilta kowa ya yi numfashi a madadin wani.

Harshen da ake magana da shi a ƙasa ma sabo ne. Ɗaga babban yatsa, wanda ya zama ado a hotunan 'yan siyasa, a nan yana nufin "mu tashi sama". Wanda ke son ya ce lafiya lau, sai ya haɗa babban yatsa da manuni ya yi zobe. Wanda ya ji matsala ya shimfiɗa tafin hannu ya karkaɗa shi, sannan ya nuna inda matsalar take, kuma mafi yawan lokaci kunne ne. Nauyin ruwa yana danna dodon kunne ciki tun daga mita na farko, don haka ake toshe hanci a hura a hankali kowane ɗan taki, tun kafin a ji zafi. Idan kunnen ya ƙi buɗewa, a ɗan taso a sake gwadawa. Wanda ya cije ya ci gaba da sauka don kada a ce ya jinkirta tawaga, dodon kunnensa zai iya fashewa. Mai mura, wadda sanyin jirgi da na'urar sanyaya ɗakin taro ba sa rasa bai wa mahalarta, ya haƙura da nutso a ranar, kuma kada ya dogara da maganin buɗe hanci, domin ƙarfinsa na iya ƙarewa yana ƙasa.

Masu nutso suna da wata ƙa'ida da ofisoshin gwamnati ba su san irinta ba: kowa na iya dakatar da nutso a kowane lokaci, kan kowane dalili, kuma ba a tuhumarsa. Wannan ƙa'ida ta fi amfanar ƙaramin ma'aikaci. Sau da yawa maigida ba ya son shiga shi kaɗai, sai ya waiwaya ya ce, "Kai ma sa kayan." Hadimin bai iya iyo ba, ruwan da ya sani bai wuce na bokiti ba, zuciyarsa na dukan uku-uku, amma bakinsa ya saba da "to, ranka ya daɗe". Ko da yake gwajin farko ba ya neman ƙwarewa a iyo, yana neman mutumin da hankalinsa ke kwance a cikin ruwa, kuma wanda aka tilasta wa shiga shi ne ya fi kusa da firgita. Rakiyar maigida ta ƙare a bakin kwale-kwale. Shugaban da ya san ya kamata ba zai sa na ƙasa da shi ya zaɓa tsakanin tsoron ruwa da tsoron ɓacin ransa ba. Haka ma'aikaciyar da ke son gwadawa tana da ikon neman mace mai horarwa, rigar nutso kuwa dama tana rufe jiki daga wuya zuwa idon sawu, akwai ta da hular da ke rufe kai.

Saura abin da ya fi shafar masu tsara tafiya, wanda kuma aka fi mantawa da shi domin haɗarinsa ba ya bayyana sai an bar ruwan. Naitirojin ɗin da ke cikin iskar tukunya yana narkewa ya shiga jini da tsoka gwargwadon zurfi da daɗewa. Idan aka taso a hankali, yana fita ta numfashi sannu-sannu. Idan nauyin da ke kan jiki ya ragu farat ɗaya, sai ya yi kumfa a cikin jiki, kamar lemon kwalba da aka girgiza aka buɗe. Shi ya sa ake tasowa a hankali, a kuma tsaya minti 3 a zurfin mita 5 kafin a fito.

'Yan Nijeriya suna da misalin wannan a gida. Ranar 26 ga Mayun 2013 wani jirgin ruwa mai jan manyan jirage, Jascon-4, ya kife a teku daura da Escravos ya nutse zuwa zurfin kusan mita 30. Mai dafa abincin jirgin, Harrison Okene, ya rayu kusan awa 60 a wani lungu da iska ta maƙale, cikin duhu da sanyi, har masu nutson da aka turo neman gawarwaki suka ci karo da hannunsa. Sauran abokan aikinsa 11 ba su tsira ba. Abin lura shi ne masu ceton ba su yi sama da shi kai tsaye ba, duk da cewa abin da kowa zai so ke nan. Jikinsa ya riga ya ƙoshi da naitirojin, fito da shi nan take kashe shi ne. Sai da ya ƙara fiye da kwana biyu a cikin wani ɗakin ƙarfe da ake rage matsin iskarsa kaɗan-kaɗan kafin ya ga rana. Okene, wanda ba wanda zai zarge shi da ya ce shi da teku har abada, ya koma ya koyi nutso, ya zama ƙwararre a sana'ar a 2015.

Ɗan koyon da ya yi rabin awa a mita 10 bai ɗebi ko kusa da abin da Okene ya ɗiba ba, amma ya ɗebi wani abu, kuma jirgin sama yana rage matsin da ke kan jiki. Iskar da ke cikin jirgin fasinja daidai take da ta kan tsauni mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400. Ƙa'idar DAN ita ce a jira aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan nutso biyu ko fiye, kuma cibiyoyi da yawa suna cewa a cika awa 24 don a huta da lissafi. Yawancin abin da ake sayar wa baƙi a otel nutso biyu ne, ɗaya kafin abincin rana ɗaya bayansa. Wanda ya fito daga na biyu da ƙarfe 4 na yamma, bai kamata ya hau jirgi kafin ƙarfe 10 na safiyar gobe ba. Jirgin asuba ya fita daga lissafi. Tsauni ma jirgi ne a wannan hukunci: wanda ya yi nutso a Sharm el-Sheikh ko Dahab da rana, sannan ya bi masu hawan Dutsen Sina'i da dare, ya ɗaga jikinsa mita 2,285, haka wanda ya yi a Jidda ya kama hanyar Ɗa'ifa.

Wannan lissafi a hannun hadimi yake, domin shi ke riƙe da tikiti da jadawali. Maigida ba ya sanin ƙarfe nawa jirginsa zai tashi sai an gaya masa. Hadimin da ya iya aikinsa zai duba tikitin kafin ya biya kuɗin nutso, in lokacin bai isa ba ya faɗa ƙarara, ko da za a ɗaure masa fuska. Shi ne kuma zai tambayi cibiyar lasisinta, ya nemi ganin katin mai horarwa, ya tabbatar akwai oksijin na agajin gaggawa a cikin kwale-kwalen, ya ji inda ɗakin matsin iska mafi kusa yake. Sharm el-Sheikh na da shi, amma ba kowane tsibiri mai kyan hoto ke da shi ba. Ya karanta takardar inshorar tafiya, domin da yawa ba sa biyan jinyar haɗarin nutso sai an ƙara kuɗi. Cibiyar da ba ta miƙo fom ba, ko ta ce ba sai an tsaya koyo a ruwa mara zurfi ba, ko ta yi alkawarin kai ɗan koyo wuri mai zurfi saboda shi babban mutum ne, a bar mata arahar ta. A Dahab akwai wani rami a cikin teku da ake kira Blue Hole, mai wata ƙofa a zurfin fiye da mita 50, wanda ya ci rayukan masu nutso da dama, kuma da yawansu sun halaka ne a ƙoƙarin kai wa inda horonsu bai kai ba. Allunan tunawa da su na nan manne a jikin dutsen da ke bakin ramin.

Idan cika awannin jira na buƙatar ƙarin kwana a otel, daga aljihun mai nutso zai fito. Ba a manta surutun da yawan tawagar Nijeriya a taron Dubai ya jawo ba, ko dakatar da tafiye-tafiyen jami'ai da kuɗin gwamnati na wata uku da aka yi daga Afrilun 2024. Kuɗin guzuri na aiki ne, kuma wanda ya tsallake zaman taro ya tafi kallon kifi ya ci amanar da ba ta da alaƙa da zurfin ruwa.

Akwai kuma abin da ke biyo mutum gida. Alamun kumfar naitirojin ba lalle su bayyana a bakin teku ba, suna iya jinkirtawa har awa 24, jirgi kuma ya tsananta su. Ciwo mai zurfi a kafaɗa ko gwiwar hannu, gajiyar da ta wuce misali, jiri, ƙaiƙayi ko tabo a fata, mutuwar yatsu ko jin kamar ana tsira musu allura. Duk ɗan Nijeriya da ya ji waɗannan zai ce maleriya ce ko gajiyar hanya, ya haɗiyi farasitamol ya kwanta, alhali abin da ake buƙata shi ne zallar oksijin nan take da neman ɗakin matsin iska, kuma kowace awa da aka ɓata tana ƙara yiwuwar lahani mai ɗorewa a laka. Likitan da ke Garki ko Maitama, nesa da teku da ɗaruruwan kilomitoci, ba zai kawo nutso a ransa ba sai an faɗa masa. Wanda ya raka mara lafiyar ya fara da gaya masa ranar da aka shiga ruwa, zurfin da aka kai, sau nawa aka nutsa, da ƙarfe nawa jirgi ya tashi.